Sharhi: Ƙananan kwamfutocin da suka dace da wutar Najeriya, da wa'adin da ba a faɗa wa mai saye

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina sabunta manhajar Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fito da ita. A Najeriya ranar ta wuce kamar kowace Talata. Kwamfutoci sun kunnu da safe yadda suka saba, babu wadda ta mutu, babu wadda ta ƙi buɗe aikin da aka bari jiya. Amma wannan rana tana da alaƙa ta kai-tsaye da wani ɗan ƙaramin akwati da ke ƙara samun gindin zama a kan teburan matasa masu haɗa bidiyo, daga Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja: ƙaramar kwamfutar girke, wadda girmanta bai wuce na littafi mai kauri ba.

Iri biyu ne ake samu a kasuwa. Akwai sababbi, irin su Mac mini ta kamfanin Apple, da NUC wadda Intel ya miƙa wa ASUS a 2023, da na kamfanonin China kamar Beelink da Minisforum. Akwai kuma 'yan tokunbo, waɗanda suka gama aiki a bankuna da asibitoci da ofisoshin Turai da Amurka: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Su ne aljihun matashi ya fi iya kaiwa gare su a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Titin Beirut a Kano. Kuma su ne ranar 14 ga Oktoba ta shafa.

Lissafin wuta

Babban dalilin da ya sa ƙaramar kwamfuta ta karɓu shi ne wutar lantarki. A farkon Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a sassauta shi zuwa naira 209 da rabi. Waɗanda ba sa cikin wannan rukuni, wato mafi yawan mutane, kuɗin wutarsu bai kai haka ba, sai dai wutar ce ba ta zuwa. Janareta kuwa ya zama abin tunani tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Oktoban shekarar ne jihohin Arewa da dama suka shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, alhali an riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Duk wanda abincinsa ke fitowa daga kwamfuta bai manta da wannan makon ba.

A ɗauki misali mai sauƙi. Babbar kwamfutar girke mai katin hoto na musamman, idan tana tsakiyar aikin bidiyo, tana iya jan wat 400. Ƙaramar kwamfutar ofis kuwa abin da cajarta ke iya bayarwa gaba ɗaya galibi wat 65 ne. Mac mini mai ƙwaƙwalwar M4, a alƙaluman da Apple ya wallafa, tana jan wat 4 idan ba ta aiki, kuma ba ta wuce wat 65 komai nauyin aikin. Wanda ke aikin awa takwas a kullum da injin wat 400 zai ƙona yunit 96 a wata, kusan naira 20,000 ke nan a farashin Band A. Mai injin wat 60 zai ƙona yunit 14 da ɗan wani abu, wajen naira 3,000.

Bambancin ya fi fitowa fili idan aka koma kan batir. Batirin inbata mai bolt 12 da amfa 200, irin na ruwa, abin da ake iya ɗiba daga cikinsa ba tare da an illata shi ba bai wuce yunit ɗaya da 'yan kai ba. Babbar kwamfuta da allonta za su shanye shi kafin awa uku. Ƙaramar da allonta za su iya kai mutum daga hantsi zuwa bayan magariba. Wannan shi ne bambanci tsakanin wanda ke buƙatar sola mai cika rufin ɗaki da wanda faranti biyu suka ishe shi. A ƙasashen da aka ƙera ta, ana yabon ƙaramar kwamfuta don ba ta cin wuri a tebur kuma ba ta da ƙara. A Kano abin yabonta shi ne tana iya rayuwa ba da KEDCO ba.

Tana da nata rauni. Ba ta da batir a cikinta kamar laftof, don haka idan aka ɗauke wuta babu inbata, aikin da ba a adana ba ya tafi. Apple ya rubuta cewa Mac mini an yi ta ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu yana haura 40. Ƙurar hunturu ma ba ta raga wa ƙananan fanka. Duk da haka, idan aka auna kuɗi da ƙarfin aiki da cin wuta, da wuya a samu abin da ya fi ta dacewa da halin da ake ciki.

Me ya sa take da araha?

A ƙarshen Oktoban 2024 Apple ya fito da sabuwar Mac mini, faɗinta santimita 12.7, tsayinta santimita 5, a kan dala 599. Masu sharhin na'urori a Amurka sun kira ta garaɓasa, kuma a wurinsu haka ne. Idan aka buga lissafi a canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, kuɗinta ya kama kusan naira 900,000, kafin kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa, kafin a sayi allo da kibod. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ke nan garaɓasar Ba'amurke albashin wata 13 ne na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Sannan a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, ke ƙerawa. A Disambar shekarar Micron ya sanar da rufe Crucial, reshensa da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Duk abin da ya ƙara wa sabuwar kwamfuta tsada, yana ƙara tura mai saye rumfar tokunbo.

A rumfar tokunbo kuwa, arahar tana da dalili. Windows 11 ba ta karɓar kowace kwamfuta. Microsoft ya gindaya sharaɗin cewa sai mai na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in ban da 'yan kaɗan, sai furosesar Intel ta zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ko wadda ta biyo baya. Kwamfutar da aka ƙera da zubi na shida ko na bakwai, ko da lafiyarta ƙalau, ƙofa ta rufe mata. Banki ko asibiti a Jamus ba zai ci gaba da aiki da manhajar da ba a toshe ɓarakarta ba, domin doka da kamfanin inshora ba za su bar shi ba. Microsoft ya ba su zaɓin biyan dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Ga ma'aikata mai kwamfuta dubu goma, sauya su ya fi sauƙi. A Disambar 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara.

Kwamfutar da ke aiki ba ta zama shara nan take. Tana neman kasuwar da ba a tambayar wa'adi, kuma Afirka ta Yamma ta daɗe tana wannan hidima.

Abin da ya kamata mai saye ya duba ɗan ƙanƙani ne: lambar farko bayan sunan furosesa. Idan an rubuta i5-6500T ko i5-7500T, zubi na shida ne ko na bakwai, kuma Windows 11 ba ta amince da ita ba. Idan i5-8500T ce, ta tsallake. A zahiri babu abin da ya raba su, akwati ɗaya, launi ɗaya, tambarin Core i5 ɗaya. OptiPlex 7050 da 7060 kamar Hassan da Husaini suke a ido, amma ɗaya tana da gobe, ɗaya ba ta da ita. Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne akwai hanyoyin da ake bi a ɗora Windows 11 da ƙarfin tsiya a kan kwamfutar da ba ta cancanta ba. Mai saye zai ga sabuwar manhaja a allo ya saki jiki, alhali Microsoft ya bayyana cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa.

Ga mai haɗa bidiyo akwai ƙarin dalilin duba wannan lamba. Wayoyin zamani, musamman iPhone daga ta 12 zuwa sama, suna ɗaukar bidiyo a tsarin HEVC mai zurfin launi na bit 10. Furosesar Intel ta zubi na bakwai zuwa sama tana da sashe na musamman da ke warware irin wannan bidiyo. Ta zubi na shida ba ta da cikakkensa, sai ta ɗora wa kanta aikin gaba ɗaya, hoto ya riƙa tsalle, fanka ta riƙa kuka. Editoci na da dabarar yin ƙaramin kwafi su yi aiki a kansa, su koma kan na asali lokacin fitarwa, amma dabarar lokaci take ci, lokaci kuma batir ne.

Abin da ke cikin akwatin

Da a ce waɗannan kwamfutoci kallon fim kawai ake yi da su a gida, da maganar ba ta kai ta sharhi ba. Amma a kansu ake yanka finafinai masu dogon zango da suka mayar da YouTube kasuwar Kannywood bayan mutuwar faifan CD. A kansu ake haɗa tattaunawar da ƙananan kafafen labarai na intanet ke yi da 'yan siyasa, da gajerun bidiyon barkwanci, da waƙoƙin kamfe, da rahoton da wani matashi ya ɗauko daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa. A cikinsu akwai ɗanyen bidiyon da ba a rufe fuskar mai ba da shaida ba tukuna, akwai lambobin majiya, akwai mabuɗan shafukan da dubban ɗaruruwan mutane ke bi. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, wani kaso mai yawa na abin da masu zaɓe za su gani a wayoyinsu zai bi ne ta irin waɗannan akwatuna.

Ƙofa biyu ce a buɗe a kansu, kuma bai kamata a haɗa su wuri guda ba. Ta farko ita ce ta manhajar da aka daina sabuntawa. Kowane wata Microsoft yana toshe ɓarakar da aka gano a Windows 11, kuma da yake manhajojin biyu sun yi tarayya a yawancin gininsu, sanar da ɓarakar sabuwar tamkar nuna wa masu kutse inda za su duba a tsohuwar ne. Duniya ta ga abin da rashin sabuntawa ke haifarwa a Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tilasta wa asibitocin Ingila mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu kafin harin Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar. Waɗanda ba su ɗora shi ba ne suka ji a jikinsu.

Ƙofa ta biyu ta fi tsufa, kuma babu sabuntawar da ke rufe ta: manhajar sata. Adobe Premiere haya ake biya duk wata da dala, kuma daga 2022 har tsakiyar 2025 yawancin katunan naira ba sa biyan kuɗi a ƙasashen waje ko da mutum yana da niyyar biya. Ba abin mamaki ba ne da aka saba da manhajar da aka fasa makullinta. Sai dai wanda ya fasa makulli ya raba kyauta, sau da yawa yana da abin da yake nema. A Mayun 2025 Microsoft ya sanar da cewa cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da suka kamu da Lumma, wata manhajar satar bayanai da manhajojin sata ke cikin hanyoyin yaɗuwarta. Irin waɗannan ba kalmar sirri kawai suke ɗauka ba, har da shaidar da ke nuna wa Facebook ko YouTube cewa mai shafi ya riga ya shiga, ta yadda ɓarawo ba ya buƙatar lambar tabbatarwa da ake turowa waya. Ta wannan salo aka ƙwace Linus Tech Tips a Maris ɗin 2023, tashar YouTube mai mabiya sama da miliyan 15, wadda sana'ar masu ita ma bayani kan kwamfuta ce. Su sun samu an dawo musu da tasharsu cikin kwana guda. Ƙaramar kafa a Gusau ko Damaturu ba ta da wanda za ta kira a YouTube.

A Najeriya kuma asarar shafi ba ta tsaya ga asarar mabiya ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen tsare 'yan jarida da masu rubutu a shafukan sada zumunta. Idan wani ya ƙwace shafi ya wallafa abin da ya ga dama ana saura kwana uku zaɓe, mai shafin ne za a fara ɗauka, bayani ya biyo baya.

Dokar da ke tambayar ko tana kunnuwa

Najeriya ba baƙuwa ba ce a batun sharar ƙasashen waje. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, kuma wannan abin kunya ne ya haifar da dokar hana shigo da shara mai cutarwa da hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar. A 2007 aka kafa NESREA, a 2011 ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki, aka sabunta su a 2022. Daga 1 ga Janairun 2025 kuma gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Basel, wanda Ghana da Suwizalan suka gabatar, ya wajabta neman izinin ƙasa kafin a tura mata kowace irin sharar lantarki. Amurka ba ta cikin ƙasashen da yarjejeniyar ta ɗaure.

Ko da wannan tarin dokoki, binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Basel ta Afirka a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Yawancinsu a cikin motocin tokunbo aka cusa su, inda ba a cika dubawa ba.

Wannan matsalar rashin aiwatar da doka ce, kuma sananniya ce. Wadda ƙananan kwamfutoci suka zo da ita daban take, domin ko an aiwatar da dokar ɗari bisa ɗari ba za ta kama su ba. Ma'aunin da ke raba kayan gwanjo da shara shi ne aiki: an jona, ta kunnu, ta yi abin da aka yi ta dominsa. OptiPlex ta 2016 za ta ci wannan jarrabawa da maki cikakke. Abin da ya ƙare a jikinta ba ya ganuwa ga jami'in kwastam, domin shawara ce da aka yanke a Redmond ta jihar Washington. Apple ma ya bi sahu: Mac mini ta 2018 mai furosesar Intel ba ta cikin waɗanda suka samu manhajar macOS Tahoe ta 2025.

Ba hikima ba ce a hana shigo da su. Yin haka raba matasa ne da kayan aikin da suka fi dacewa da wutarsu da aljihunsu, a daidai lokacin da gwamnati ke cewa za ta horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha ƙarƙashin shirin 3MTT. Kuma tsawaita ran kwamfuta ya fi alheri ga muhalli a kan ƙera sabuwa. Abin da ya ɓace shi ne bayani a wurin ciniki. Mai sayen madarar gwangwani yana da damar ganin ranar lalacewarta, NAFDAC ta tilasta hakan. Mai sayen kwamfutar da ta ci masa kuɗin wata da watanni ba shi da wannan dama.

Akwai darasi a yadda Turai ta yi. Da farko Microsoft ya ce ɗaiɗaikun mutane za su iya samun ƙarin shekara guda ta sabuntawar tsaro idan sun biya dala 30, ko sun yi amfani da makin Microsoft Rewards 1,000, ko sun yarda a riƙa kwafe saitin kwamfutarsu zuwa rumbun kamfanin. Ƙungiyar masu saye ta Euroconsumers ta matsa lamba, kamfanin ya janye waɗannan sharuɗɗa ga mazauna yankin tattalin arzikin Turai kaɗai. Sauran duniya suna nan kan sharuɗɗan farko. Najeriya tana da hukumar da ta nuna za ta iya: FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Hukumar da ta iya tunkarar Meta, tilasta wa dillalai manna takardar da ke nuna shekarar ƙira da matsayin manhaja bai fi ƙarfinta ba. NITDA kuma, wadda tsaron intanet na cikin aikinta, sanarwa da Hausa a gidajen rediyo ba za ta gagare ta ba.

Akan ce a koma Linux, kuma shawara ce mai kyau ga wanda aikinsa rubutu ne da bincike. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ɗauki wannan hanya da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000. Ga edita kuwa maganar ba ta da sauƙi haka. Babu Premiere a Linux, babu CapCut ta kwamfuta. DaVinci Resolve ta kyauta tana hawa, amma a Linux ba ta buɗe bidiyon da yawancin wayoyi ke ɗauka sai an sauya masa tsari. Kdenlive da Shotcut suna aiki, sai dai wanda ya koyi sana'a a hannun ubangidansa da Premiere, kuma yana musayar aiki da wasu masu Premiere, ba zai sauya dare ɗaya ba.

Ƙarshen tafiyar kowace irin wannan kwamfuta kuwa sananne ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma a Afirka abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran yana ƙarewa a hannun 'yan jari-bola, waɗanda da yawansu a Legas da Abuja yaran Arewa ne, suna fasa allunan da guduma, suna ƙona waya don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin.

Ga wanda ya riga ya sayi tasa, ƙarin shekarar da Microsoft ya bayar tana nan, kuma ana iya samunta ba tare da biyan dala ba, muddin kwamfutar tana kan Windows 10 zubin 22H2 kuma an shiga da asusun Microsoft. Yawancin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshi ma suna ɗauke da lasisinsu na halal a cikin allon injin, ko da mai su bai sani ba. Wa'adin wannan ƙari zai cika ranar 13 ga Oktoban 2026, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe.